Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Koyar da Turanci ga Yara Masu Lalurar Koyo

A yawancin garuruwan Arewacin Najeriya yaro yana shiga makaranta da Hausa a bakinsa, amma jarrabawar da za ta buɗe masa ƙofar jami'a da Turanci ake rubuta ta. Tsarin ilimi na ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1977, a da ya tanadi cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa, daga baya a koma Turanci, kuma bugun 2004 ya ƙayyade cewa daga aji huɗu na firamare za a yi wannan sauyi. Makarantun kuɗi da dama ba sa jiran hakan, tun daga nazare suke farawa da Turanci. A ƙarshen sakandare kuwa, wanda bai sami kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO ba yakan rasa gurbin karatu ko da ya ci sauran darussa.

Ga yara da yawa wannan sauyin harshe wahala ce mai wucewa. Amma akwai waɗanda shekara ke bin shekara ba su iya haɗa baƙi da wasali ba, alhali a hira da wasa da aikin gida ba a ganin wani aibu a hankalinsu. Su ne ake cewa "ba ya ja", ko "kansa ba ya ɗauka", wani lokaci ma a kira su daƙiƙai. Wani kaso daga cikinsu suna ɗauke da lalurar koyo. Taimaka musu yana buƙatar a san ita lalurar, a san inda Turanci ke ƙara mata nauyi, a kuma san cewa gano ta da rage kaifinta duk daga harshen da yaron ya riga ya iya suke farawa.

Mece ce lalurar koyo?

Lalurar koyo wani bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa wani nau'in bayani, wanda ke sa yaro ya sha wahala ƙwarai wajen karatu ko rubutu ko lissafi, duk da cewa ana koyar da shi yadda ya kamata. Ba raunin hankali ba ce, domin yaron yana iya zama mai kaifin basira a wasu fannoni. Ba makanta ko kurumta ba ce, ba kuma lalaci ba ne. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na yara 'yan makaranta suna da ita. Ko da mafi ƙarancin ƙiyasin aka ɗauka, a aji mai yara 80 za a iya samun huɗu.

Likitoci sun daɗe da lura da ita. A 1896 wani likitan Ingila mai suna Pringle Morgan ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai wayo, gwanin lissafi, wanda ko gajerun kalmomi da ƙyar yake iya karantawa. Malaminsa ya shaida cewa da baki kawai ake koyarwa, da shi ne zai zo na ɗaya a makarantar. Wannan siffa, wato fahimta a kunne da gazawa a takarda, har yau ita ce babbar alamar da malamai ke fara gani.

Ire-irenta

Wadda ta fi yawa ita ce disleksiya, wato lalurar karatu. Mai ita yakan kasa danganta harafi da sautinsa cikin sauri, ya yi ta in'ina a karatu, ya rubuta kalma ɗaya ta hanyoyi uku a shafi ɗaya. Akwai lalurar rubutu, inda hannu ke yin nauyi, haruffa su fito a hargitse, kuma zuba tunani a takarda ya zama jan aiki. Akwai lalurar lissafi, inda yaro ke kasa riƙe ma'anar adadi da jerin alƙaluma.

Akwai wasu biyu da sukan zo tare da waɗannan. Ta farko ita ce lalurar bunƙasar harshe, wadda binciken da aka yi a Amurka da Ingila ya nuna tana shafar kimanin kashi 7 cikin ɗari na yara. Mai ita yakan makara wajen fara magana, jimlolinsa su zama gajeru, ya kasa bin umarni mai tsawo ko da a harshen gidansu ne. Ta biyu ita ce ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya, inda hankalin yaro ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yaro ɗaya yana iya haɗa biyu ko uku daga cikinsu, shi ya sa ba a yi wa kowa magani iri ɗaya.

Me ke haddasa ta?

Gado yana da babban tasiri. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa idan uba ko uwa na da disleksiya, kusan huɗu ko biyar cikin kowane goma na 'ya'yansu sukan same ta. Haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyi lokacin haihuwa suna ƙara haɗarin. Tushen disleksiya, a mafi yawan lokuta, rauni ne wajen jin ƙananan sautukan da ke cikin kalma da iya rarrabe su. Yaron yana jin "tuwo" ya san abin da ake nufi, amma ya gane cewa kalmar ta ƙunshi sauti huɗu a jere, wannan ne ke gagararsa. Rubutun boko kuwa a kan wannan ganewa aka gina shi.

Jin harsuna biyu ba ya haddasa lalurar koyo, kuma ba ya ƙara tsananta ta. Masana sun bibiyi yara masu harshe biyu da ke da lalurar harshe, suka ga ba su fi takwarorinsu masu harshe ɗaya shan wahala ba saboda harshe na biyun. Haka kuma akwai abubuwan da ke kama da lalurar amma ba ita ba ne: raunin ji da sanƙarau ko ciwon kunne ya bari, raunin gani, yunwa, yawan fashin makaranta saboda zazzaɓi ko ciwon sikila ko talla, da rashin ingantacciyar koyarwa. Waɗannan su ake fara dubawa kafin a yanke hukunci.

Yadda karatu ke aiki

A 1986 masana biyu, Gough da Tunmer, sun fayyace cewa fahimtar abin da aka karanta tana tsayawa ne a kan ƙafa biyu. Ta farko ita ce iya mayar da haruffa su zama kalmar da ake furtawa. Ta biyu ita ce sanin harshen da kansa, wato ma'anar kalmomi da ginin jimla. Idan ɗaya ta rushe, fahimta ta rushe, komai ƙarfin ɗayar.

Wannan bayani yana haskaka halin da ɗan Bahaushe mai disleksiya ke ciki a ajin Turanci. Ɗan Ingila mai irin lalurarsa yana da rauni a ƙafa ta farko kawai, domin ya san harshen, kuma yakan cinki kalmar da ta gagare shi daga ma'anar jimla. Ɗan Bahaushe marar lalura yana da rauni a ƙafa ta biyu, amma da zarar an nuna masa sautin haruffa yakan iya furta kalma ko bai san ma'anarta ba. Wanda ya haɗa lalurar da baƙuntar harshe kuwa, duka biyun ne ba su da ƙarfi. Ba ya iya fitar da kalmar, kuma idan an fitar masa ba ta gaya masa komai.

Me ya sa Turanci ya fi wuya?

Turanci yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai kimanin 44, kuma kusan 20 daga ciki wasula ne. Saboda haka harafi ɗaya yakan ɗauki sauti da yawa, sauti ɗaya kuma a rubuta shi ta hanyoyi da yawa. Haruffan "ea" suna da furuci daban a "read" da "head" da "great". Haruffan "ough" suna da furuci huɗu a "though", "through", "tough" da "cough". Sautin da ke farkon "fan" shi ne a farkon "phone" da ƙarshen "laugh". Akwai kuma haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, kamar na farkon "knife" da "write".

An auna tasirin wannan. Wani bincike da Philip Seymour da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 ya kwatanta yaran aji ɗaya a harsunan Turai 13. A ƙarshen shekarar farko, yaran da ke koyon harsuna masu daidaitaccen rubutu, irin su Italiyanci da Sifaniyanci da harshen Finlan, suna karanta sama da kashi 90 cikin ɗari na kalmomin da aka ba su daidai. Yaran Sikotlan da ke koyon Turanci, harshen da aka haife su a cikinsa, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai suka iya. Wani binciken na 2001, wanda Eraldo Paulesu ya jagoranta, ya duba ƙwaƙwalwar masu disleksiya daga Italiya da Faransa da Ingila. An ga rauni iri ɗaya a wuri ɗaya a ƙwaƙwalwarsu duka, amma 'yan Italiya sun fi sauran karatu daidai. Lalurar ɗaya ce, tsarin rubutun harshe ne ke sa ta yi sauƙi ko ta yi tsanani.

Rubutun Hausa na boko yana cikin masu daidaito. Kusan kowane harafi sauti ɗaya yake ɗauka, kuma gaɓoɓin kalma gajeru ne. Abin da ba ya nunawa shi ne tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya ne. Amma mai jin Hausa yana warware wannan daga jimla ba tare da wahala ba.

Inda Hausa da Turanci suka saɓa

Akwai sautukan Turanci da babu su a Hausa. Bahaushe ba ya bambanta "p" da "f" a harshensa, har ma a Sakkwato da Katsina sautin yakan koma "h" ko "hw". Don haka "pan" da "fan" sukan zo wa yaro a matsayin kalma ɗaya. Haka "v" kan koma "b", sautin farkon "think" ya koma "s", na farkon "this" ya koma "z". Wasulan "cat" da "cut", ko "bad" da "bed", su ma sukan haɗe a kunnensa.

Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa kalmomin da Hausa ta aro aka sanya musu wasali a tsakani, kamar burodi da gilashi. Yaron da ya rubuta "sukul" a maimakon "school" wannan ƙa'ida yake bi. Harafin "c" da ya sani a "ci" da "cokali" yana da wani aiki daban a "cat" da "city". Ga kuma tarin haruffa masu kama da juna: a Hausa yana fama da b, d, ɓ da ɗ, sai Turanci ya ƙara masa p da q. Idan yana zuwa makarantar allo ko Islamiyya, yana kuma koyon rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu.

A nahawu ma akwai saɓani. A Hausa ana cewa ya ci, yana ci, zai ci, aikatau bai sauya ba, abin da ke gabansa ne ke nuna lokaci. A Turanci kalmar kanta ce ke rikiɗa, "eat" ta koma "ate" da "eaten". Bahaushe yana cewa awaki uku da rigar Audu, Bature yana fara kawo adadin da mai rigar. Ƙidaya ma haka: goma sha ɗaya da goma sha biyu suna bayyana kansu, amma "eleven" da "twelve" sai an haddace, kuma "thirteen" da "thirty" suna ruɗa kunne. Ga mai lalurar lissafi wannan ƙarin kaya ne.

Yadda ake bambance baƙuntar harshe da lalura

Kuskure biyu ake yi a nan. Na farko shi ne a ɗauki yaron da bai iya Turanci ba tukuna a matsayin mai lalura. Na biyu, wanda ya fi yawa, shi ne a yi ta cewa "Turancin ne bai zauna ba", har yaron ya kai aji shida bai iya karatu ba. Masanin Kanada Jim Cummins ya nuna cewa yaran baƙi a ƙasar da ake Turanci sukan iya harshen hira cikin kamar shekara biyu, amma harshen littafi da jarrabawa yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7. Wannan dalili ne na yin haƙuri da ƙarancin kalmomin yaro, amma ba dalili ba ne na jinkirta bincikar karatunsa. Esther Geva ta Jami'ar Toronto da abokan aikinta sun nuna cewa ana iya gano raunin karatu a yara masu koyon Turanci tun kafin bakinsu ya faɗa a harshen.

Ma'aunin da ya fi amfani shi ne a gwada yaron da Hausa. Lalurar koyo ba ta zaɓar harshe, tana bayyana a duk harshen da yaro ke yi. Malami yana iya tambayarsa da wane sauti "masara" ta fara, ko ya tafa gaɓoɓin "makaranta", ko ya faɗi abin da ya rage idan aka cire "ka" daga "kaza". Yana iya rubuta masa gaɓoɓin da ba su da ma'ana, irin su "lafu" da "zomi", ya ga ko zai iya haɗa su, tunda waɗannan ba a haddace su. Yana iya jera masa hotunan abubuwan da ya sani, ya ga saurin da yake kiran sunayensu. Yaron da ya wuce waɗannan cikin sauƙi amma yake tuntuɓe a Turanci, harshe yake buƙata. Wanda ya gaza a Hausar ma, akwai abin dubawa.

Irin kuskuren ma yana magana. Wanda Hausa za ta iya bayyana dalilinsa, kamar musanya "p" da "f", ba alamar lalura ba ne. Wanda ba shi da tsari, kamar tsallake gaɓa, juya jerin haruffa, ko karanta kalma daidai a layi na farko a kasa ta a layi na uku, shi ne abin lura. Juya "b" da "d" abu ne da yawancin yara ke yi har zuwa shekara bakwai, sai ya ɗore bayan haka yake zama alama. Yana da kyau a tambayi iyaye ko yaron ya makara wajen magana, ko akwai mai irin matsalar a dangi. A tambayi malamin allo kuma, domin yaron da haddarsa ke da kyau amma ya daɗe bai wuce babbaƙu da farfaru ba yana nuna siffar nan ta kunne mai ƙarfi da ido mai tuntuɓe a kan harafi. A ko da yaushe ana kwatanta yaro ne da sa'o'insa masu harshe ɗaya da shi da suka sami koyarwa iri ɗaya.

Matsayin harshen uwa

Iya karatu sau ɗaya ake koyon sa. Yaron da ya gane cewa harafi na wakiltar sauti, kuma sautuka na haɗuwa su ba da kalma, zai ɗauki wannan ganewa zuwa kowane harshe mai haruffan boko. Tunda rubutun Hausa ya fi daidaito, kuma yaron ya san ma'anar abin da yake karantawa, a nan ne ya fi sauƙin kama dabarar. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna cewa Turancinsu bai gaza na waɗanda aka mayar Turanci da wuri ba. A Bauchi da Sakkwato an yi amfani da littattafan Mu Karanta a kan wannan tunani na fara karatu da Hausa.

Saboda haka dokar nan ta wasu makarantu ta cin tara ko dukan yaron da ya yi Hausa tana cutar da mai lalura fiye da kowa, domin tana ƙwace masa abin da zai dogara da shi. Haka shawarar da akan ba iyaye cewa su daina yi masa Hausa a gida. Iyayen da Turancinsu bai nuna ba za su rage magana da shi ne kawai, ya tashi ba Hausa mai zurfi, ba Turanci.

Yadda ake koyarwa

Hanyar da ta fi karɓuwa ta samo asali ne daga aikin likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham a Amurka a shekarun 1930. Ginshiƙanta su ne a koyar da komai a fili ba a bar yaro ya cinka ba, a bi tsari daga sauƙi zuwa wuya, a riƙa maimaita na baya kafin a ƙara sabo, a kuma sa ido da kunne da baki da hannu su yi aiki tare. Rahoton kwamitin karatu na Amurka na 2000 da rahoton Rose na Ingila na 2006 duk sun goyi bayan koyar da sautin haruffa bi da bi, abin da ake kira foniks, kuma shirin Jolly Phonics da ake amfani da shi a makarantun Najeriya da dama a kan haka yake.

Ana farawa da kunne da baki kafin alli. Yaro ya saba jin kalmomin Turanci da furta su, yana ganin abin da ake nufi a zahiri, kofi a hannu, ƙofa a gabansa. Sannan a shiga haruffa, a fara da waɗanda sautinsu ɗaya ne a harsunan biyu, irin su m, n, s, t, b, d da k. Baƙin sautuka a ware musu lokaci. Don "p" a riƙe 'yar takarda a gaban baki yaro ya ga iska ta kaɗa ta bayan leɓɓa sun haɗu sun buɗe. Don "f" da "v" ya ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Don "th" ya fito da kan harshe tsakanin haƙora yana duba madubi. Kada a koyar da haruffa biyu masu kama da juna a mako ɗaya.

Wajen haɗa kalma, marafan kwalba ko tsakuwa sun isa kayan aiki. Yaro ya ajiye guda ɗaya a madadin kowane sauti, uku don "top", sannan ya ƙara ɗaya a gaba ta zama "stop" ba tare da wasali ya shiga tsakani ba. Ya rubuta harafi da yatsa a cikin yashi yana furta sautinsa. Kalmomin da ba sa bin ƙa'ida, irin su "the", "said" da "one", a ba shi uku ko huɗu a lokaci guda, a nuna masa ɓangaren da ke bin ƙa'ida da wanda sai an haddace. Abin da zai karanta ya kasance an gina shi da sautukan da ya riga ya koya, domin ya ɗanɗani nasara.

Tunda ƙafa ta biyu, wato sanin harshen, ita ma tana da rauni, ba a tsayawa a kan foniks kawai. Kafin a karanta labari a fara ba da shi da Hausa a taƙaice, a koyar da kalmomi biyar ko shida da za su fito a ciki. Kalmomin aro irin su tebur, bokiti, fensir da mota suna nuna wa yaro cewa ya riga ya san wani abu. Kalmomin umarnin jarrabawa, irin su "explain", "compare" da "underline", a koyar da su da gangan, domin yara da yawa sun san amsa amma ba su gane tambaya ba. A nahawu a ɗauki tsarin jimla ɗaya a yi ta sauya kalma guda a cikinsa har ya zauna. Minti 20 kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a mako.

A aji mai cunkoso

Malamin da ke gaban yara 100 ba zai iya zama da kowa shi kaɗai ba, amma akwai abin da zai iya. Tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi, wanda aka gwada a wasu jihohin Arewa, yana raba yara rukuni-rukuni bisa matakin karatunsu, ba bisa shekaru ko aji ba: masu harafi, masu kalma, masu jimla, masu labari. Idan aka ba rukunin ƙasa kulawa ta musamman tsawon zango guda, yawancinsu za su motsa. 'Yan kaɗan da ba su motsa ba su ne ake kyautata zaton suna da lalura, su ne kuma ke buƙatar ƙwararre.

Wasu sauye-sauyen ba sa cin ko kwabo. A zaunar da yaron a gaba. A ba da umarni ɗaya bayan ɗaya. A rage masa kwafar dogon rubutu daga allo, domin yakan ƙare ƙarfinsa a kwafa bai fahimci komai ba. A ba shi damar amsa wasu tambayoyi da baki, a ƙara masa lokaci a gwaji. A shifta a gyara kuskure biyu ko uku, kada a cika shafin da jan biro. Kada a tashe shi karatu a gaban aji sai an ba shi wurin ya shirya tun jiya. Bulala kuwa ba ta koyar da sautin harafi, tsoron littafi take koyarwa.

Rawar iyaye

Uwar da ba ta yi boko ba tana da abin bayarwa mai yawa. Tatsuniya tana koyar da jerin labari da riƙe zance. Kacici-kacici yana faɗaɗa kalmomi. Waƙoƙin gaɗa da zaurance, inda ake cusa gaɓa ko a juya ta, horo ne kai tsaye ga kunnen da ke buƙatar jin gaɓoɓin kalma. Wa ko ya da ke sakandare na iya sauraron karatunsa na ɗan lokaci kullum, a kuma ɗaukar masa muryar darasi a waya ya riƙa saurare yana bin layi da yatsa. Wajibi ne a kai shi a duba idonsa da kunnensa. Babu ƙwayar magani ko tabarau mai launi da aka tabbatar yana warkar da disleksiya, don haka a yi hattara da masu tallar waraka. A kuma lura da abin da yaron ya ƙware a kai, ko zane ne, ko gyaran na'ura, ko hadda, ko ciniki, a ba shi fili a can.

Abin da sakaci ke jawowa

Daga aji huɗu karatu yana zama hanyar koyon kowane darasi. Yaron da bai iya ba yana faɗuwa a kimiyya da tarihi da lissafi, ba don bai gane su ba. Mai iya karatu yana ƙara karantawa yana ƙara kalmomi, marar iyawa yana guje wa littafi, tazarar na faɗaɗa kowace shekara. Daga nan sai maimaita aji, sai ƙin makaranta, sai satar amsa, sai a cire shi a ce boko ba rabonsa ba ne.

Sanarwar Salamanka ta 1994, wadda hukumar UNESCO ta jagoranta, ta yi kira da a koyar da yara masu buƙata ta musamman a makarantun kowa da kowa. Dokar Najeriya ta hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi haƙƙinsu na ilimi. Ana horar da malaman wannan fanni a Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya da ke Oyo, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Bayero ta Kano. Sai dai lalurar koyo ba a ganin ta da ido kamar makanta ko gurguntaka, saboda haka malamin aji da iyaye ne za su fara gano ta.

Abin da za a sa rai

Lalurar koyo ba ta gushewa gaba ɗaya. Da koyarwa mai tsari, yawancin yaran suna kaiwa ga karanta Turanci daidai da fahimtarsa, ko da yake saurin karatu da ƙa'idar rubutu sukan ci gaba da ba su wahala har girma. Taimakon da aka fara a aji ɗaya ko biyu ya fi saurin tasiri a kan wanda aka fara a aji biyar, amma babu shekarun da za a ce an makara. Ci gaban irin wannan yaro ba a matsayinsa a jarrabawar aji ake auna shi ba. Ana auna shi ne da sautuka nawa ya riƙe, kalmomi nawa yake karantawa daidai a minti ɗaya, da Hausa da Turanci, a wannan wata idan aka kwatanta da watan jiya. Idan alƙaluman na hawa, a ci gaba da hanyar. Idan sun tsaya tsawon zango guda, hanyar koyarwar ce za a sake dubawa.